Ƙwai Cike da Kwano

A layin ganin likita, wani dattijo mai bandeji a ƙafa ya juyo ga matar da ke gefensa yana huci.

"'Yata, ki ji min likitan nan. Ciwo ya ƙi rufewa, maimakon allura sai ya ce wai in ci ƙwai da kifi da wake. Asibiti na zo ko gidan abinci?"

"Ai da gaskiyarsa, Baba. Da furotin jiki ke ɗinke fata da tsoka. Me kake ci da safe?"

"Shayi da burodi."

"Da rana fa?"

"Burodi da shayi."

Matar ta dafe kai, takaici ya kama ta.

"Haba Baba! Halinku ɗaya da mahaifina. In dafa masa kifi, ya miƙa wa kyanwa. Babu ne a gidan?"

"Wa ya ce babu? Kaji gare ni, ƙwai cike da kwano!" ya faɗa a fusace. "Matata ce ta iya suyarsa. Tunda ta rasu, duk wanda na soya sai ya ƙone."

Jikinta ya yi sanyi, ta sassauta murya.

"To ka dafa a ruwa mana. Wannan ba ya ƙonewa."

"Ya ƙone. Na zauna ina tunaninta har ruwan ya ƙafe."

Sai ga nas ta kira ta. Ta miƙe, ta gyara jakarta.

"Kada ka motsa, Baba. In na fito za ka nuna min gidan."