Shofer Marar Amsa Gaisuwa

A tashar Gare de Lyon ta Paris, muna jiran jirgin ƙasa mai zuwa Lyon, wata dattijuwa 'yar Damagaram ta ji saurayin kusa da ita yana waya da Hausa kan karatunsa. Yana gamawa ta tare shi.

"Ɗana, me kake karantawa?"

"Motar da ke tuƙa kanta, Hajiya, can Villeurbanne, kusa da Lyon."

"Ba shofer? Ni in zan ƙetare titi, idon shofer nake kallo in ɗaga mishi hannu. Ita idon wa zan kalla?"

"Tana da kyamarori. Sai dai hazo da ruwa mai ƙarfi suna rikita ta. Ko ɗan sanda ya yi mata alama da hannu, wani sa'in ba ta ganewa."

"Makauniya ke nan! Kai ka taɓa shiga?"

"Daga kwamfuta nake bin ta, Hajiya. Ni kaɗai ne namiji wajen mahaifiyata."

"Ka ji! Ka dafa, ka ƙi ɗanɗanawa. Ni dai abin da ba shofer, ƙafata ba za ta taɓa taka shi ba."

"Da me kika zo tashar nan?"

"Metiro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, mai lamba sha huɗu. Kullum shi nake hawa."

"Ai wannan ba direba a ciki, Hajiya. Shi ke tuƙa kansa."

Ta gyara mayafi.

"Shi ya sa! Shekara da shekaru in na sauka ina ɗaga hannu in ce sannu da aiki, bai taɓa amsawa ba. Ni kuwa ina ta zagin tarbiyyarsa!"