Kurkunun da Na Tsinke a Fadamar Haɗeja

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, manya da ƙanana, har da masu gyangyaɗi a baya. Malaminmu ya ce in rubuta shaidata a karanta muku, wai in an bar ni da baki sai tuwon rana ya huce. To, ga ta da ajamina. Karatuna rabi ne, na sani, amma in mai karantawa ya yi tuntuɓe, idonsa za ku tuhuma.

Sunana Bukar, mutumin fadamar Haɗeja, ɗan masunta. Tun ban iya ɗaura wando ba nake kwanciya kan gora ina bin ruwa da homa, ragar kamun kifi. Gaskiya kuwa zan faɗa a gaban Allah: a lokacin girman kai ya yi mini yawa, ga gaggawa. Duk unguwarmu ba wanda ya kai ni jan mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa. Ko tarwaɗa ta kai cinyar ƙato, na san inda zan sassauta mata, na san inda zan fizge ta.

Wani rani na bi ayari da bandar kifi har nan inda manyan koguna biyu suka haɗu. A zango na tarar da wani dattijo, Baba Yakubu, wanda ya taɓa shiga bauta Allah ya fid da shi. Kullum da yamma yakan ba mu labarin Yesu, yadda yake taɓa guragu su miƙe. Na gyaɗa kai, na ci goronsa, na koma gida. A zatona maganar can na baro ta.

Da damina ta kankama, sai bororo ya fito mini a idon sawun dama, yana raɗaɗi kamar an ɗora garwashi. In na shafa ƙwaurina sai in ji wani abu kamar tsirkiya kwance tsakanin fata da tsoka. Ran da bororon ya fashe, sai ga farin kai ya leƙo, siriri kamar zaren kaɗi.

Yayata Falmata, wadda take riƙe mini gida tun da mijinta ya rasu, ta duba sau ɗaya.

"Kurkunu ne, Bukar. Ka zauna."

"Kwana nawa, Yaya?"

"Sai yadda ya ga dama. Ko wata."

"Wata! Sabon ruwa ya shigo fadama, kifi na hawa, ni ina zaune ina gadin tsutsa?"

"Kai za ka yi gadinta, ai kai ka shekara kana ciyar da ita."

Ta naɗe kan a jikin tsinke. Kowace safiya ta murza kaɗan, bai fi faɗin yatsa ba, ta shafa man shanu, ta ɗaure da tsumma. Kwana huɗu ina kallon wannan wasan yara. A na biyar ta tafi kai shinkafa kasuwa, ta bar ni da ƙafata da wayona.

Na ce a raina, ni da nake jawo tarwaɗa daga ƙarƙashin ciyawar burgu, zare ne zai gagare ni? Na kwance tsumman. Na ja, na sassauta, na ja, daidai yadda nake yi wa mamari. Ya biyo ni kusan taƙi guda! Daɗi ya kama ni. Da na ji ya cije, sai hannuna ya yi abin da ya saba, na fizga.

Tsinke a hannuna. Sauran ya koma ciki.

Yaya ta dawo, ta ga guntun.

"Ina sauran?"

"Ya koma gida."

"Kai ka ja?"

"Taimaka masa na yi."

"Sannu, sarkin ruwa," in ji ta. Amma ba ta yi dariya ba, nan na fara tsorata.

Wayyo 'yan'uwa! Kafin kwana uku ƙafar ta zama turmi. Fata ta yi sheƙi, kaluluwa ta taso, masassara tana kaɗa ni. Ƙuda ya sauka a kai sai in yi ihu.

Aka kira Garba wanzami. Ya latsa nan, ya latsa can, ya goge yatsa.

"Ya mutu a ciki, ya ruɓe. Gobe da hantsi sakiya, zan huda da jan ƙarfe. Amma ba zan ɓoye maka ba, ɗan'uwa, mugunyar tana neman gwiwa. In ta shiga, ƙafar ta ƙage ke nan. Kai da gora sai kallo."

Da la'asar ina kwance a rumfa, ina jin abokaina sun dawo daga ruwa suna gardamar wanda ya fi kamu. A nan labarin Baba Yakubu ya faɗo mini. Ban san yadda ake addu'ar ba. Na ce, "Yesu, ban san ka ba, goron mutuminka kaɗai na ci. An ce kana tā da guragu. Ni ban gurgunce ba tukuna, yanzu aikin zai fi sauƙi. Ba wanda ya yi mini, ni na yi wa kaina. Ka bar mini ƙafata."

Da wasa na fara, da kuka na gama. Ƙaton mutum, majina har gemu.

Washegari Garba ya hura wuta, ƙarfe ya yi ja, maza biyu suka danne ni. Yaya tana kwance tsumma ke nan, sai kumburin ya fashe da kansa a ƙasan sha-raɓa. Ƙoƙo guda ya cika! A ciki ga mushen kurkunu, duk sauran tsawonsa. Garba ya tsaya da ƙarfe a hannu ya ce, "To ni wa zan ƙona?" Na lanƙwasa gwiwa, ta lanƙwasu. Yabo ga Ubangiji!

Na san akwai mai hankali a cikinku da yake cewa dama lokacin fashewarsa ne ya yi. To, malam mai hankali, saurari sauran. Bayan mako biyu wani ya leƙo a ƙafar hagu. Na miƙa wa Yaya ƙafar, na sa hannuwana ƙarƙashin cinya na zauna a kansu. Wata guda da 'yan kwanaki tana murzawa, kifi yana wucewa, ni ina roƙon Yesu kowace safiya ya riƙe mini yatsu. Ya fita lafiya har wutsiya. Duk wanda ya san Bukar na wancan zamani ya san wannan haƙurin ba daga gidanmu ya fito ba.

Don haka, ku dogara gare shi. Kada ku jira sai kun iya addu'a mai kyau, tawa kun ji yadda take, kuma an amsa. Na gode wa Allah da ya bar mini gwiwa biyu, duk da tsufa har yau suna durƙusawa a gabansa. Wanda yake son ganin tabon ya same ni in an tashi, zan ɗage masa wando kyauta. Godiya ta tabbata ga Yesu Almasihu. Amin.