Ragowar Furar Hajiya da Kyanwar Gidanmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rabi daga Daudawa, ina son jama'a su ji wannan.

Lokacin korona surukata Hajiya ta kwanta da tari da zazzaɓi, aka gwada aka ce cutar ce. Muka hana yara shiga ɗakinta, amma ba wanda ya tuna da kyanwarta. Hajiya kuwa ba ta taɓa shanye fura, kullum sai ta rage a ƙwarya ta miƙa wa kyanwa, wai ladan tsaron rumbu. Bayan kwana huɗu kyanwa ta fara atishawa, ta ƙi abinci.

Wani Alhaji maƙwabcinmu ya ce, "Ita ta kawo maku cutar, a kai ta daji a yar."

Na ce, "Alhaji, yi haƙuri, ba inda za ta sai likitan dabbobi ya gan ta."

Likita ya ce da alama wajen Hajiya kyanwar ta ɗauki cutar. Na keɓe kyanwar da kaskonta daban, na hana Hajiya ba ta ragowar fura. Hajiya ta yi fushi har ta daina amsa gaisuwata, amma ban janye ba. Dukansu sun warke, alhamdulillahi, kuma har gobe mai tari a gidanmu ba ya ba dabba ragowarsa.

Malam, don Allah ka isar wa 'yan'uwa na Ƙanƙara da Sabuwa, su tambaya kafin su yar da dabba. Mu muka sa mata cutar, kuma saura kaɗan mu hukunta ta a kai.