Rediyon Dagaci Ya Yi Shiru

Kun ga irin wannan a garuruwanku, kuka kawar da kai.

A tashar Tudun Wada, Shitu na jiran motar Kano, rungume da rediyon dagacinsu da batirinsa, zai kai gyara, sai wani tsohon soja ya tanka masa.

"Samari, me ya sami rediyon?"

"Maita, Baba. Tsohuwa Adda mai shara ta goge shi, tun ranar bai ƙara magana ba."

"Miƙo nan." Tsohon ya kwance bayan akwatin da bakin wuƙa, ya leƙa. "Wayar lasifika ce ta zame, ga ta tana lilo."

Ya murɗa ta a gurbinta, sai murya ta fito raɗau.

"Innalillahi! Shi ke nan?"

"Shi ke nan mana. Ina mayyar taku?"

Shitu ya sunkuyar da kai. "Mun kore ta, yau kwana tara. Da hannuna na jefo mata tukwanenta waje."

"Tana ina yanzu?"

"Wallahi ban sani ba, Baba."

Kai da ka iya karatu, duk ran da aka ce maita a garinku, tashi tsaye ka ce a bincika kafin a taɓa kowa!