Jiki Ya Tuna

A ɗakin jiran likita, wani direba ya juya ga matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, ƙwaya ta lalata min ɗa, likita kuma yana min zancen wani sinadari mai kama da na wiwi a ƙwaƙwalwa. Wai yana da hannu wajen tuna daɗin ƙwayar. Rainin hankali ne, yaron ne bai so dainawa ba."

"Malam, ka taɓa tambayarsa?"

"In tambayi ɗan ƙwaya? Duk maƙaryata ne. Ke ma kin sani, tunda naki kika kawo."

"Ban kawo kowa ba. Bayan tiyata na fara sha. Na daɗe da dainawa, amma ko ƙofar kemis na wuce sai jikina ya tuna. Janye ƙafarka, ni ake kira."