Itacen da Yayana Ya Riƙa Kawo Mini

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku. Ni ne Istifanus, mai bandar kifi a unguwar Rumde Ajiya. Da yawanku kun ci kifina, wasu ma ba a gayyace su ba.

Yayana Dauda, uwa ɗaya uba ɗaya, yana aiki a wurin da ake jiƙa turakun lantarki da maganin gara. Shekara da shekaru yana kawo mini guntayen itacen, masu kore-kore, ina ƙonawa wajen bandar kifi. Hayaƙin na shaƙa, tokar na kwashe da hannu. Har alfahari nake yi wai ina da yaya.

Sai fitsari ya fara gagarata. Likita a asibitin Garwa ya ce ciwon daji ne a prostat, wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Da ya ji sana'ata sai ya ajiye biro. Ya ce maganin itacen nan akwai guba a ciki, arsenik. Ba zai rantse shi ya jawo ba, amma yana ƙara haɗarin.

Na tafi in gargaɗi Dauda kada iyalinsa su cutu. Matarsa ta ce, "Ai mu ba ma girki da shi. Tun ranar da aka ɗauke shi aiki aka hana su."

Na dube shi. Na ce, "Yaya, ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "An ce in kai juji ne, kuma jujin da nisa."

Wannan magana ta fi ciwon zafi. Na daina addu'a, na daina zuwa sujada. Ranar da za a yi mini aiki, a kan gado na ce, "Ubangiji, kai ma naka ne ya bashe ka. Ba ni da ƙarfin yafewa. Ka riƙe ni kawai."

Ya riƙe ni! An yi aikin, likita ya ce ciwon bai yaɗu ba. Ga ni tsaye a gabanku.

Ba zan yi ƙarya a gidan Allah ba, har yau ban iya cin abinci kwano ɗaya da Dauda ba. Amma jiya na kama sunansa cikin addu'a, bakina kuma bai yi ɗaci ba.

Godiya ta tabbata ga Yesu. Maza, ku je a duba ku. Ku dogara gare shi, ko da wanda kuka sha nono ɗaya ya yashe ku. Amin.