Adireshin Aro

A tashar Paraku, Sabi na jiran motar Kwatano, rungume da jakar takardu. Wani dattijo ya zauna gefensa.

"Ɗana, wannan uban takardu, kotu za ka?"

"A'a, Baba. Intanet nake raba wa gidaje. Adireshin da muke shiga intanet da shi aron babban kamfani ne. Na kaina nake nema."

"Na aron, me ya yi?"

"Gida ɗari biyu, adireshi ɗaya. Wani ya yi damfara, aka toshe mu duka."

Dattijon ya ja tsaki. "Haka wani shashasha mai raba intanet ya yi mana a unguwar Banikanni. Rajistar jarrabawar 'yata ta ƙi shiga har aka rufe. Shekara guda ta tafi! Duk layinmu mun sauke eriyarsa. Ban taɓa ganinsa ba, da na shaƙe shi."

Sabi ya sunkuya. Gida arba'in ya rasa a layin nan, ya san lambar kowanne.

"Masu ba da adireshin, me za su duba kafin su ba ka?"

"Yawan gidajen da suka rage min."

"Allah ya taimaka. Kai wace unguwa kake?"

Sabi ya ƙara rungume jakar. "Da nisa, Baba."